Harafin b, harafin d, da ƙwaƙwalwar mai shekara hamsin

Duk wanda ya taɓa koya wa manya karatun boko ya san inda ake fara tuntuɓe: b da d. Mu kuma Hausa ta ƙaro mana nata kayan, ɓ da ɗ. Haruffa huɗu ke nan, kowanne sanda ɗaya da tumbi ɗaya, abin da ya raba su kawai inda tumbin ya fuskanta da 'yar lanƙwasar da ke bisa kai. Da safe ina koyar da bayoloji a sakandare, da yamma kuma ina da ajin mata a wani ɗaki na firamaren unguwarmu bayan yara sun tashi. Akwai mai kitso, akwai mai markaɗe, akwai masu ƙuli da masu awara, kuma yawancinsu sun girme ni. A cikinsu akwai wata dattijuwa uwar adashe, wadda ke riƙe da lissafin zubin matan unguwa a ka: wa ta zuba, wa ta tsallake, wa ke da kwasa mako mai zuwa. Ba a taɓa kama ta da kuskuren sisi ba. Amma in na ce ta rubuta "baba" sai ta rubuta "dada", ta goge, ta sake rubuta "dada", sannan ta ajiye fensir ta ce, "Malama, kan nan fa ya riga ya bushe."

Nakan ce mata, "Inna, kanki lafiyarsa lau. Aikin da ya saba tun kina goye shi yake yi." Kuma ba lallashi ba ne. Sashen ƙwaƙwalwa da ke gane abin da ido ya gani bai damu da hagu da dama ba. Buta, ko bakinta ya kalli gabas ko ya kalli yamma, buta ce. Akuya in ta juya ba ta zama tunkiya ba. Shekara hamsin wannan ƙa'ida tana yi wa Inna aiki ba ta taɓa ba ta kunya ba, sai rana tsaka na zo mata da wani abu da in ya juya sunansa ya canza. Masu binciken karatu irin su Régine Kolinsky ta Beljiyam da Stanislas Dehaene na Faransa sun gwada wannan: manyan da ba su taɓa koyon karatu ba suna shan wuyar bambance zane da juyayyensa na madubi, waɗanda suka koya kuwa, ko da sai da suka girma suka koya, suna bambancewa. Yara ma ta nan suke bi, shi ya sa ɗan aji ɗaya yakan rubuta harafi a juye. Kafin b ta rabu da d a idon mutum, sai wani abu ya sauya a naman ƙwaƙwalwar kansa.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya, waɗanda ake kira niyuron, kimanin biliyan 86, bisa ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka yi a Burazil a 2009. Kowace ƙwaya tana da rassa masu karɓar saƙo da doguwar jela guda mai kai saƙo, kuma tana iya hulɗa da dubban 'yan'uwanta. Abin da ke ba ɗalibaina na sakandare mamaki shi ne, a mafi yawan wuraren da suke haɗuwa, ba sa taɓa juna. Santiago Ramón y Cajal, likita ɗan Sifen, shi ya dage a kan haka tun ƙarshen ƙarni na 19, yana leƙa madubin likita yana zana abin da ya gani da hannunsa. Rinin da yake amfani da shi na Camillo Golgi ne ɗan Italiya, wanda shi kuma ya tafi a kan cewa ƙwaƙwalwa raga ɗaya ce a haɗe. An raba musu kyautar Nobel a 1906 suna kan saɓaninsu, daga baya ta tabbata Cajal ke da gaskiya. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai 'yar tazara da ko ka jera dubu irinta ba su kai kaurin silin gashi ba. Charles Sherrington ya raɗa wa wurin suna sinaps a 1897. Ni a aji mahaɗa nake ce masa.

Da mashigin kogin da babu gada nake kwatanta shi. Saƙo yana tafiya a cikin ƙwaya a matsayin lantarki, in ya iso gaɓa sai ya tsaya, sai an yi fito. Kwale-kwalen su ne sinadaran da ƙwayar ke saki cikin tazarar, kuma wanda ya fi yin wannan aiki shi ne gulutamet. A ɗaya gaɓar akwai matsayai masu karɓa. In jiragen kaɗan ne, matsayan ma kaɗan, saƙon ya isa a raunane, ƙwayar tsallake ba za ta ko motsa ba. In mashigi ya samu ciniki sai a ƙaro jirage, a ƙaro matsayai, har a buɗe wani a kusa da shi. Wanda aka daina bi kuwa a hankali ya mutu.

Donald Hebb, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Kanada, ya yi hasashen wannan a 1949: in ƙwaya ɗaya ta yi ta sa hannu wajen tayar da wata a kai a kai, haɗinsu zai ƙara ƙarfi. A lokacin ba shi da abin da zai gani da shi. Terje Lømo ne ya ci karo da abin a 1966 a Oslo, a ƙwaƙwalwar zomo, sannan shi da Tim Bliss suka buga cikakken sakamakon a 1973. A hifokamfus suka yi aikin, wato wani lanƙwasasshen sashe da ke can ciki ta wajen kunne, wanda sabon tuni ba ya zama sai da shi. Suka aika wa wata hanyar jijiya lantarki mai sauri-sauri na 'yan daƙiƙoƙi, suka tsaya. Bayan nan ko taɓawa ɗaya aka yi sai amsar ta fito da ƙarfi fiye da da, kuma ta zauna a haka tsawon sa'o'i.

A shekarun 1980 aka fara gano yadda abin ke faruwa, kuma nan ne wurin da na fi so a duk labarin. Matsayan da ke karɓar gulutamet iri biyu ne manya. Na farko, AMPA, da zarar sinadarin ya iso yake buɗewa. Na biyu, NMDA, a toshe yake da magniziyam, kuma toshiyar ba ta fita sai abu biyu sun haɗu a lokaci guda: mai aikawa ta saki gulutamet, ita kuma mai karɓa an same ta tana cikin motsi. In sun haɗu, kalsiyam ya kwarara ciki, shi kuma ya sa ƙwayar ta ƙaro matsayai irin na farko a wannan mahaɗar kaɗai, ban da maƙwabtanta da suke zaune shiru. Sharaɗin "lokaci guda" ɗin nan shi na ɗauka na kai aji. Ba na barin kowa ta cika shafi da b baki a rufe. Hannu yana zanawa, ido yana kallo, baki yana cewa "ba", kunne yana ji. Malaman allo sun riga mu sanin haka a aikace, don yaron da ke babbaƙu ko farfaru yatsansa na kan baƙin, muryarsa na sama. Mutane sukan ce hayaniya ce. Ni dai in na wuce tsangaya na ji ta, siffa nake jin ana ɗaura wa sauti.

Amma ƙarfin sa'o'i kaɗan ba shi ne karatu ba. Abin da ya raba tunin yau da tunin shekara mai zuwa, Eric Kandel ne ya tono shi, kuma ba a jikin mutum ba. Wata halittar teku ya zaɓa, Afiliziya, dangin dodon koɗi amma babu ƙoƙon kirki a bayanta. Ƙwayoyin jijiyarta kusan 20,000 ne kacal, wasu kuma saboda girma ido ma yana ganinsu. In aka taɓa ta sai ta janye sashen numfashinta. In aka yi ta taɓawa ba cuta sai ta daina kulawa. In kuwa aka ɗan ja mata lantarki a wutsiya sai ta zama mai firgita, taɓawa kaɗan ta janye da ƙarfi. Kandel da mutanensa suka nuna cewa in sau ɗaya aka yi, mahaɗun da ke nan ne kawai ke ƙara sakin sinadari, ba a gina komai sabo ba, kuma abin ya wuce cikin mintuna. In aka maimaita da tazara, saƙo yakan kai har cibiyar ƙwayar, a kunna wasu ƙwayoyin gado, a ƙera sabon furotin, sababbin mahaɗu su tsiro. Craig Bailey da Mary Chen sun zauna sun ƙirga: ƙwaya ɗaya mai kawo saƙon taɓawa tana da bakin mahaɗa kusan 1,300, bayan doguwar koyon firgita suka kai kusan 2,700, a wadda ta koyi daina kulawa kuwa suka sauka zuwa kusan 850. In aka ba da maganin da ke hana ƙera furotin, tunin gajeren lokaci yana nan lafiya, na dogon lokaci ne ba ya samuwa. Wannan aiki ya kai Kandel ga Nobel a 2000.

Akwai wani gwajinsu da nake yawan ba mata labarinsa. An taɓa dabbar sau 40 a jere a zama ɗaya, darasin bai wuce kwana guda ba. An taɓa wata sau 10 kullum har kwana huɗu, adadi ɗaya ke nan, darasin ya zauna makonni. Hermann Ebbinghaus ya riga ya ga irin wannan a kansa tun 1885 a Jamus, yana haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Dalilin da ya sa nake maimaita labarin shi ne roƙon da ba ya ƙarewa a ajinmu: "Malama, don Allah a haɗa mana ranar Asabar, mu zauna tun safe har azahar, mu huta da zaryar nan." Na san abin da ke bayan roƙon. Fitowar mace mai gida da sana'a da yamma ba ƙaramin abu ba ne, ga girki, ga yara, ga maigidan da sai an lallaɓa. Duk da haka ba na yarda. Gara rabin sa'a sau huɗu a mako da sa'a huɗu a zama ɗaya, domin ginin da ake yi a cikin ƙwayar yana bukatar a tafi a dawo. Gardin da ya haddace Alƙur'ani bai taɓa jin sunan Kandel ba, amma ka tambaye shi me zai faru in ya bar tilawa wata guda.

Sai barci. A 2009 Yi Zuo da ɗalibanta a Kalifoniya suka buɗe 'yar taga a ƙoƙon kan ɓera mai rai, suka koya masa zura hannu ta wata siririyar kafa ya ɗauko ƙwayar hatsi, suna leƙa rassan ƙwayoyin jijiyarsa. A kan rassan akwai 'yan tsirarrun da masana ke kira ƙayoyi, a kansu mahaɗu ke zama. Cikin sa'a guda da fara koyo sababbin ƙayoyi suka fito. A makonnin da suka biyo baya aka zubar da wasu tsofaffi, har jimilla ta koma kusan yadda take, amma ba su ne na da ba. A 2014 kuma ɗakin binciken Wen-Biao Gan a New York ya koya wa ɓeraye tafiya a kan sanda mai juyawa, aka bar wasu suka yi barci, aka hana wasu. Waɗanda suka yi barci sun fi tsirar da sababbin ƙayoyi, kuma an ga ƙwayoyin da suka yi aiki lokacin koyon suna sake motsawa a cikin barci mai nauyi. Da wannan nake yi wa 'yan ajin ƙarshe faɗa in sun ce za su kwana zaune daren jarrabawar WAEC. Matan yamma kuwa ban da bakin yi musu faɗa. Su ne ƙarshen kwanciya a gida, su ne farkon tashi. In wani maigida na karanta wannan kuma iyalinsa na zuwa ajin manya, littafi da fensir ba su ne kaɗai gudummawar ba.

Akwai matakin da ya fi karya wa ɗalibaina gwiwa, kuma bayan sun gane haruffa yake zuwa. Mace ta san kowane baƙi, amma kafin ta haɗa "ma-ka-ran-ta" ta kai ƙarshe ta manta farkon. Ana ganin wani ɓangare na maganin wannan yana jikin jelar da ke kai saƙo. Akwai wani farin kitse, mayelin, da wasu ƙwayoyi na daban ke naɗe jelar da shi. Jelar da ba ta da shi saƙo na tafiya a cikinta kusan mita ɗaya a daƙiƙa, mai kauri da ta sha naɗi kuwa tana iya wuce mita 100. An daɗe ana ɗauka naɗin na ƙuruciya ne kawai. A 2014 ɗakin binciken William Richardson a Landan ya hana manyan ɓeraye samar da sababbin ƙwayoyin naɗi, sai suka kasa ƙwarewa a gudu kan wata ƙafar juyi da aka cire wa wasu matakai, alhali waɗanda suka riga suka koya kafin a hana su ba su manta ba. Wannan gini ba ya sauri. Ba ni da dabarar da ta wuce a yi ta karanta abu mai sauƙi har ya daina zama aiki.

Duk wannan zomo ne da ɓera da halittar teku. Na mutane fa, kuma manya?

Binciken da ya fi taɓa ni daga Olhão ya fito, wani garin masunta a kudancin Fotugal. A can, a zamanin da, babbar 'ya takan zauna a gida ta yi renon ƙanne, na bayanta su tafi makaranta. Da na karanta haka sai na ce wannan ai labarin gidajenmu ne, kowa ya san yayar da aka yi wa haka. Alexandre Castro-Caldas da abokan aikinsa suka ɗauki dattijai mata daga wannan gari, masu karatu da marasa shi, waɗanda suka tashi cikin rayuwa iri ɗaya, aka kai su Stockholm aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna maimaita kalmomi. An buga sakamakon a 1998. A kalmomin gaske babu wani bambanci mai yawa. Da aka zo kan kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana, marasa karatun suka yi ta kuskure, sau da yawa suna mai da su kalmomin da suka sani, kuma sassan da suka motsa a ƙwaƙwalwarsu ba su yi daidai da na masu karatun ba. A lura, babu takarda a gabansu. Magana ce kawai ta baki da kunne. Ashe karatu yana sauya har yadda mutum ke jin magana.

José Morais ya riga ya nuna wani gefen wannan a 1979, shi ma a Fotugal. Ka ce wa babban da bai iya karatu ba ya faɗi kalma ya cire sautin farko, zai kasa, wanda ya koya da girma kuwa zai iya. Na gwada a ajina. "Hajiya, ce kaza." Ta ce. "To cire k ɗin farko, me ya rage?" Ta dube ni ta ce, "Malama, in an cire me?" Amma wannan Hajiyar, in ita da ƙawarta suka juya harshe zuwa zaurance don kada in ji gulmar da suke yi, sai ka rantse inji ne ke yanka kalmomin. Gaɓa tana jin ta sarai, abin da ke cikin gaɓar ne bai rabu ba tukuna. Shi ya sa tsohuwar hanyar ba, be, bi, bo, bu ta fi yi mini aiki da su fiye da fara wa mutum da sautin baƙi tsurarsa. Daga gaɓa ake shiga, daga baya baƙi da wasali su rabu da kansu.

Wani zai ce ai matan Olhão tun suna yara aka raba musu hanya, wannan bai nuna babba na iya sauyawa ba. Amsar ta zo daga Kolombiya. Tsofaffin 'yan tawaye da suka ajiye makamai suka dawo gari, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Manuel Carreiras ya kwatanta 20 da suka koyi karatu da girma da 22 da ba su fara ba tukuna, aka buga a 2009. Waɗanda suka koya an same su da ƙarin nama a sassan da ke aikin gani da sauti, da ƙarin kauri a sashen baya na gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓarin hagu da na dama. A 2010 Dehaene ya sa mutum 63 daga Burazil da Fotugal a na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa: 10 ba su iya karatu ba, 22 sun koya da girma, 31 sun koya tun yarinta. Akwai wani ɗan wuri a ƙasan ɓarin hagu ta baya da ke amsa rubutu, kuma gwargwadon iya karatun mutum gwargwadon ƙarfin amsarsa, har da waɗanda suka koya da girma. Wurin ba fili ba ne da ke zaune yana jiran haruffa. Yana amsa fuskoki da wasu siffofi, in karatu ya shigo amsar fuska a nan ta ɗan ragu, ta ƙara karkata ɓarin dama. A 2017 kuma Michael Skeide da Falk Huettig da abokan aikinsu suka bi wasu manya daga ƙauyuka kusa da Lucknow a Indiya, yawancinsu mata, aka koya musu rubutun Hindi wata shida. An ga sauyi a yadda sashen gani ke aiki tare da wurare masu zurfi a tsakiyar ƙwaƙwalwa da tushenta. Wata shida kacal, a kan matan da suka yi kama da nawa.

Wannan ɗan wurin haruffa kusan a waje ɗaya yake, ko da rubutun boko mutum ya koya, ko na Ibrananci, ko na Sin. Ina ganin alamar haka a ajina. Waɗanda suka yi allo da yarinta har suka iya haɗa baƙi gudu suke yi, su bar sauran a baya. Matsalarsu daban ce: hannu na son farawa daga dama, kuma b da d suna kama su su ma, domin baƙaƙen Larabci masu kama da juna da ɗigo ake raba su, ba da juyi ba. Raina yakan ɓaci in na ga an sa irin waɗannan mata a layin "marasa ilimi" a takardun ƙidaya. Macen da ta sauke Alƙur'ani, wataƙila ma tana karanta ajami, an riga an yi wannan ginin a kanta tun tana 'yar shekara bakwai.

Ba zan ɓoye wa kowa ba, yaro yana da rata. Peter Huttenlocher ya ƙirga mahaɗu a ƙwaƙwalwar mutane masu shekaru daban-daban, ya buga a 1979, ya ga suna yin yawa ƙwarai a farkon ƙuruciya sannan a yi ta rage su har bayan balaga, a bar waɗanda ake bi. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a Kanada a 1984 cewa jariran gidajen masu Turanci, a wata shida zuwa takwas, suna bambance wasu sautukan Hindi da iyayensu ba sa ji, amma kafin su cika shekara yawancinsu sun daina. Shi ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma yake fama da ƙ da k, mu kuma p da f suke ba mu kunya a gaban jama'a ko da digiri nawa muka tara. A binciken Dehaene ma, waɗanda suka koya da girma ba su kai saurin karatun waɗanda suka fara tun yara ba. Mai cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi bai yi ƙarya ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ɗauki wannan karin magana a rufe wa mutum ƙofa da ita, alhali muna da wata da ta ce gemu ba ya hana ilimi, kuma hotunan na'ura sun goyi bayanta. Ɗalibaina dai ba su da gemu, amma sun karɓe ta.

Wani abin da ya kamata a sani, musamman yanzu da masu wa'azin "buɗe ƙwaƙwalwa" suka cika Facebook da TikTok, shi ne sauyin ba ya yaɗuwa. Abin da ka yi ta yi, hanyarsa ce ke ƙarfi. A 2010 Adrian Owen da BBC sun sa mutum 11,430 yin wasannin motsa ƙwaƙwalwa a intanet mako shida. Sun ƙware a wasannin, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan ba. Maganar cewa kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi kuwa tatsuniya ce. Direbobin tasi na Landan su ma shaida ne. A lokacin da aka yi bincike a kansu, kafin a ba mutum lasisi sai ya haddace tituna kusan 25,000, aikin shekara uku zuwa huɗu. Eleanor Maguire ta gano a 2000 cewa sashen baya na hifokamfus ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. A 2011 ita da Katherine Woollett suka bi masu koyo 79 tun daga farko: 39 da suka ci jarrabawa wurin ya ƙaru a kansu, waɗanda suka faɗi ko suka bari bai ƙaru ba. Sai dai ƙwararrun sun fi sauran mutane rauni wajen tuna sabon zane mai sarƙaƙiya da aka nuna musu. Ba a samun ginin kyauta.

Kuma ba ya zama in an bar shi. A Regensburg ta Jamus, a 2004, Bogdan Draganski da abokan aikinsa sun sa matasa koyon wasan cilla ƙwallo uku ana cafewa har wata uku, sashen da ke bin motsi da ido ya ƙara kauri. Suka daina wata uku, ya ragu. An maimaita gwajin a 2008 da masu shekara wajen 60: kaɗan ne suka ƙware sosai, amma su ma an ga ƙarin, su ma ya ragu da suka bari. Wannan nake gani duk bayan hutun azumi da salla. Mata su dawo suna cewa komai ya zube, kuma a ranar farko kamar da gaske ne. Sai dai ba a komawa inda aka faro. A Afiliziyar Kandel, da darasin ya dushe, bakin mahaɗun nan 2,700 sun sauka zuwa kusan 1,500, ba su koma 1,300 ba. Ebbinghaus ma ya lura cewa abin da ya manta, in ya zo sake koyonsa, ba ya cin lokacin da ya ci da farko.

Saboda haka kafin hutu ba na ba da aikin gida na littafi, don na san ƙarƙashin katifa zai kwana. Cewa nake kowa ta karanta abin da ke gabanta: kwalin magani, buhun shinkafa, rubutun bayan A Daidaita Sahu, katin gayyatar biki. Wadda ta fi kowa dawowa da karatunta cikakke ita ce mai markaɗe. A da da 'yan hotuna take gane lambobin wayarta, fure na 'yarta ne, mota na ƙaninta. Ta sa jikanta ya goge su duka ya rubuta sunaye. Yanzu in tana son kiran mai gyaran inji dole sai ta karanta, injin nata kuwa ba ya cika mako bai tsaya ba.